Furen da Rijiya Ta Sa wa Ɗiyata

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan manta da shekarar da aka ajiye fararen ɓeraye a zauren gidanmu ba.

Muna wani ƙauye kusa da Urafane, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, gyaɗa tana tashe. Ƴan shekaru kafin nan an haƙa mana rijiya mai zurfi a bakin gari, muka huta da tafiya tsohuwar rijiyar kwari. Ruwan sabuwar yakan fito da ɗan gurɓi, sai mu jefa masa alif a tukunyar dalma ya kwanta. Yaran da suka tashi da shi haƙoransu suka fito jaja-jaja, kamar an goga musu furen taba da goro. Mu mata kuwa murna muke yi. Abin da muke wahalar gogawa don kwalliya, ga rijiya tana ba ƴaƴanmu a banza. Ɗiyata ta fari ta fi kowa, har maƙwabta suna ce mata ta yi dariya su gani. Da ta fara kukan gwiwa tana tafiya a karkace, sai muka ce iska ce.

Ina da cikin na biyu wani likitan dabbobi ya zo daga Tasawa, don ƴan awakinmu sun fara tashi da ƙafafu a lanƙwashe. Ya roƙi maigidana ya ajiye keji biyu a zaure. Ni aka ɗora wa shayarwa: keji ɗaya ruwan sabuwar rijiya, yadda muke kwantar da shi da alif, ɗayan kuma ruwan kwari. Matan ɓerayen duk suna da ciki, kamar ni.

Gaskiya ban yarda da mutumin nan ba ko kaɗan. Wane mai hankali ne zai kiwata ɓera a garin gyaɗa? Wasu suka ce zai sake su cikin rumbuna don a sayi iri wurin gwamnati. Wasu suka ce ƴan siyasa ne suka turo shi ya ɓata sunan rijiyar. Surukata ta ce tsafi ne tsagwaronsa.

"Ke, kar ki bari idonki ya haɗu da nasu, jajayen idanun ga," ta ce. "Kina da juna biyu."

"To Inna, mi zan yi? Maigida ya riga ya amsa."

Haka na riƙa zuba musu ruwa ina kau da kai ina tofa addu'a. Ranar kasuwa likitan yakan zo ya duba, ya tafi, ni kuma in bi sawunsa da tsintsiya.

Ɓerayen suka haihu. Da farko duk ɗaya suke, jajaye kamar ƙwayar gyaɗa. Da suka yi gashi sai bambanci ya fito. Na ruwan kwari suna tsalle suna hawan waya. Na sabuwar rijiya sun tsumbure, haƙora suna gutsurewa, wasu sun mutu. Akwai wata ƙarama da ke jan ƙafar baya in za ta wurin ruwa. Ina tsugune ina kallonta sai ɗiyata ta shigo zauren tana dafa bango, tana jan tata ƙafar. Na dubi ta cikin kejin, na dubi ɗiyata.

Da likitan ya zo na tare shi, ko gaisuwa ban gama ba.

"Likita, mi ka sa masu?"

"Uwargida, ke ka ba su ruwa, ba ni ba." Ya dubi bakin yarinyar. "Wanga ba hure ba ne. Wani gishiri ne daga cikin dutse yake shiga ruwan sabuwar rijiyar, yana cin ƙashin mai tasowa. Alif da dalma ma ina zarginsu, amma ban tabbatar ba."

Ya faɗa wa maigari, aka yi masa dariya, aka ce hassada ce. Bai sake dawowa ba, kuma har yau ban san wanda ya aiko shi ba.

Ni dai daga ranar na koma kwari da tulu a ka da ciki a gaba. Mata suka ce ɓeraye sun taɓa mini hankali. Surukata ta daina yi mini magana har sai da na haihu. Ɗan da na haifa ya tashi da ƙafa miƙaƙƙiya da fararen haƙora, har ana yi masa ba'a wai ba ɗan garin ba ne. Yayarsa kuwa da sanda ta yi aure, da sanda take tafiya har yanzu.

Abin ya koya mini in duba inda nake kai zargina. Na ƙare shi duka a kan baƙo da ɓerayensa, alhali abin da ke cin ɗiyata yana cikin randata, kullum ina ɗebo mata da hannuna ina cewa ta yi dariya mu gani.