Ranar da Aka Lallasa Ni Na Hau Tabarmar Manya

Jama'a, na hau tabarmar manya! Kuma wallahi ranar da aka ci ni aka kira ni.

Bari in faro daga tushe. Tun da aka rushe unguwarmu Karantina 'yan layinmu suka watse, wasu suka koma unguwar Nuzla, wasu Sa'alaba. Abin da ke haɗa mu yanzu balot ne, kartar nan ta mutum huɗu, biyu-biyu, duk Juma'a bayan la'asar a saman gidan kawuna. Ba kuɗi a ciki, wanda aka ci shi ke dafa shayi. Tabarma biyu ce: tamu ta samari jikin tankin ruwa, ta manya can cikin inuwa. Sai abokin wasan kawu ya tattara ya koma Kano, halas, wato shi ke nan. Gurbi ya buɗe, ni kuwa na sa masa ido.

Lokacin wuta nake. A balot ɗin waya ina ci tsakanin darasi da darasi, a tabarma ina ci, kaina ya kumbura. Na tare kawu na ce, "Kawu, ba wanda ya rage a wajen tanki fa." Ya ce, "To, yalla, maza zo ka zauna."

A balot idan an raba kati, ko ka saya, wato ka ɗauki nauyin cin zagayen, ko ka ce "bas" ya wuce ka. Ni ranar komai saye nake, ko da tarkace a hannuna, wai ai sa'a ta san ni. Tsofaffin nan suka yi mana kaca-kaca, suna ta kurɓar shayi abinsu. Kawu ya tattara katin ya ce, "Ya walad, kai yaro, sa'a ce ta rage maka hanya, ka ɗauka kai ne direba. Koma tanki."

Na koma. Abokaina suka samu abin yi: "Ranka ya daɗe, har an sauko daga sarauta? A ƙara sukari!"

Sai kuma katin ya juya min baya. Juma'a bayan Juma'a, bakwai da takwas kawai, ƙananan kati marasa maki, kamar an yi min baki. Na dafa shayi har mamata ta ce ƙamshin na'ana'a nake. Yatsana na ƙaiƙayi in saya in huce haushi, amma in na tuna fuskar kawu sai in ce bas. Kawun kuwa kullum yana bayana, wai yana duba bututun tanki. Tankin da lafiyarsa ƙalau!

Juma'ar da ta wuce, zagayen ƙarshe, ana gabanmu kaɗan. Kati biyu masu kyau suka faɗo min, sauran shara. Abokin wasana sai zare min ido yake. Na kalla, na sake kalla, na ce bas. Aka ci mu. Ya ce, "Matsoraci!"

Na miƙe na ɗauki buta, sai kawu ya ce, "Ajiye. Mai kati mai kyau ko bai iya ba zai ci. Ni hannun banza nake son in ga yadda mutum ke riƙewa, na kuma gani. Taho."

Wasanmu na farko ma ni da kawu a tabarmar manya an ci mu, ina ta washe baki, kawu da kansa ya hura gawayi.

Don Allah ku tura wa 'yan Karantina duk inda suke, har ya kai ga baban namu, abokin wasan kawu da ya koma Kano, ya san an zauna masa a wuri.