Shekarar da Kaka Ta Ƙi Roƙon Ruwa

Kai na biyun ni na ƙara shi, rediyo bai faɗa ba. Abin da rediyon hedimastanmu ya ce shi ne Faransawa sun fasa wani mugun bam a tsakiyar Sahara, kuma ƙurarsa tana hawa sama, ruwan sama ya sauko da ita, tana iya taɓa har ɗan da ke cikin ciki. Iyakar maganar ke nan. To amma tsakanin ƙofar gidan hedimasta da gidanmu akwai 'yar tafiya, ni kuwa labari ba ya zama a bakina yadda na ɗauko shi. Tashi yake yi kamar ƙullin waina.

Na tarar da mata suna surfe a tsakar gida. Na tsaya kan turmin da aka kife, na gyara murya.

"Duk mai cikin da ruwan bana ya taɓa, ɗa mai kai biyu za ta haifa. Ɗaya na kuka, ɗaya na tsotso!"

Kaka, wato mahaifiyar Baba, ta kwashe da dariya. "Sauka, angona. Wanga guda ɗaya da ke bisa wuyanka ma ya ishe mu."

Kowa ya yi dariya, na sauka ina jin kaina kamar sarkin ban dariya na Tambuwal da kewaye. Shaf na manta Yaya tana ɗaki. Daga Kebbe aka kawo ta goyon ciki, cikinta na fari, ya tsufa har sai ta dafa bango take tashi. Ita ba ta yi dariya ba.

Daga ranar Yaya ta daina zama a tsakar gida. Ta sa aka rufe randarta da faifai, aka ɗora dutse. Tuwo sai ta tsakura ta ture. Kullum da safe za ta kira ni bakin ƙofa ta ce, "Duba mini gabas. Akwai hadari?" In na ce babu, sai ta sauke ajiyar zuciya. Duk garin ana kallon sama ana fatan ruwa, ita kaɗai take fatan kada ya zo sai ta sauka. Inna kuwa ba ta iya yi mata magana, don 'yar fari ce, ko sunanta ba ta kamawa. Sai dai ta tsaya tana fuskantar katanga ta ce, "A gaya wa waccan ta ci abinci."

Na je na ce, "Yaya, wallahi ni na ƙara kan nan."

Ta ce, "Na sani kana so hankalina ya kwanta. Je ka, Allah shi yi ma albarka."

Ka ji masifar maƙaryaci. Ƙaryar an karɓa hannu biyu, gaskiyar an ce lallashi ne.

Ranar kasuwa mijinta ya zo a keke daga Kebbe, duk ya jiƙe da gumi. Ya ce a can labari ya cika gari, wai jariran bana kai uku za su zo da shi, har da wutsiya. Gaskiya na ɗan ji kishi, ashe akwai wanda ya fi ni a Kebbe. Shi dai irinsa na gero yana nan a ƙulle, gona a share, ga mata ta rame sai ciki.

Baba shi ne malamin ɗakin shan magani na garin. Da maganar ta kai kunnensa, nawa kunnen ya kama ya murɗa har na hango kasuwar Dogon Daji. Ya ja ni ƙofar ɗakin Yaya ya ce babu wani kai biyu, shirmen wannan ja'irin ne.

Daga ciki Yaya ta ce, "To Baba, ƙurar ba ta yin komi?"

Baba mutum ne da ba ya cewa allura ba zafi. Sai ya ce, "Allah ne masani, ɗiyata." Wannan amsar tasa ta fi kai biyuna ɓarna. Kaka tana zaune tana kaɗi, na ga mazarinta ya tsaya.

Ruwa kuma ya ƙi zuwa. Zafi ya yi zafi har kaji suna yawo baki buɗe. Maza suka fita filin idi da malamai suka yi roƙo, sama ta yi kamar ba da ita ake ba. A garinmu in abin ya kai haka, mata ne ke fita. Su sa rigunan mazansu da huluna, su ɗauki ƙore suna kaɗawa, su zaga gari suna kuka ga Ubangiji. Kaka ce ke gaba tun kafin a haife ni. Mai unguwa ya aiko a ce mata lokaci ya yi.

Kaka ta ce wa ɗan aiken, "Mu roƙo mi? Guba? Koma ka ce ba mu fita."

Gari ya ɗauka. Tsofaffi suka riƙa sallama a zaurenmu ɗaya bayan ɗaya, Baba yana ba da haƙuri, yana harara ta. Matan unguwa suna shigowa suna fita, ana ƙus-ƙus a bayan rumbu. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. In na zauna sai in tashi, in na fita sai yara su bi ni suna tambaya ko da gaske har da wutsiya.

Ana cikin haka Baturen Di'o ya zo rangadi ya sauka a bariki. Washegari da hantsi sai ga Kaka ta fito daga ɗakin Baba cikin sabuwar rigarsa, wadda ya ɗinka ya ajiye don bikin mulkin kai. Rigar tana jan ƙasa, hula ta rufe mata gira. A waje mata sun cika lungu, kowacce cikin kayan mijinta, har da surukar Yaya da ta taso daga Kebbe da wasu tsofaffi a kan jakuna. Maza suka yi ta hamdala, sun ɗauka roƙon ruwa za a yi. Sai da aka kai mararraba suka ga an karkata hanyar bariki.

Kaka ta damƙi wuyan rigata. "Kai za ka faɗa mishi da Turanci. In ka ƙara ko gishiri, na sake ka."

Di'o ya fito da gajeren wando, ya ga dattawa masu 'yan kunne sun cika masa fili. Turancin da na tara tun aji ɗaya ya tsere ya bar ni da kaɗan.

Kaka ta ce, "Ce mishi 'yan'uwanshi su bar fasa abin ga bisa kanmu."

Na faɗa. Ya ce ba mutanensa ba ne, Faransawa ne, ƙasarsu daban. Ya ce manya a Ikko da Kaduna sun riga sun nuna ba su yarda ba.

Kaka ta ce, "Faransawan sun ji?"

Na tambaye shi. Ya ce bai sani ba.

"To tambaye shi, su can garinsu ba su da daji?"

Na tambaya. Kunnuwansa suka yi ja kamar gauta.

Kaka ta matsa kusa, ta tattare hannun rigar Baba. "Ce mishi ina da jika ɗaki, ciki gare ta, tsoron hadari takai. Ba mu san su ba, ba mu ci musu komi ba. In ruwan ga ya sauko, mu ka shan shi, mu da ɗiyanmu da bisashenmu. Shi in ya ga dama jirgi zai shiga."

Wallahi bakina ya yi ƙaiƙayi in ce jikoki ɗari. Na haɗiye. Na faɗa yadda ta faɗa, jika ɗaya. Di'o ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce zai kai maganar gaba. Mata suka kaɗa ƙore har karensa ya shige ƙarƙashin mota, muka juyo.

A gida Kaka ta shiga ɗakin Yaya da rigar a jikinta, ni ina laɓe a bakin ƙofa.

"Na kai ƙara inda ƙafata ka iya kaiwa," in ji ta. "Saura na Allah. Ruwa kau, ko mun roƙa ko ba mu roƙa ba, sai ya zo. In babu gero, da mi za mu yi miki kunun jego? Tashi ki ci tuwo."

Yaya ta ci, ba da yawa ba. Kashegari mata suka fita roƙon ruwa na gaske.

Da ruwan ya zo bayan 'yan kwanaki, na tuɓe riga na tsaya ƙarƙashin indararo daidai ƙofarta, na buɗe baki na sha har cikina ya yi ƙato.

"Yaya, duba! Ga ni garau!"

Ta leƙo ta ce, "Kai ciki gare ka?" Ta saki labule.

Ba ta bari ɗigo ɗaya ya taɓa ta ba har ranar da ta durƙusa. Gero ya kai gwiwa lokacin. Ungozoma ta fito, Kaka ta shiga, ta daɗe tana shafa jaririyar tun daga ka har tafin ƙafa, tana buɗe yatsu ɗaya-ɗaya. Sannan ta aiko a kira ni.

Mace ce, kanta ɗaya, lafiyarta lau. Yanzu haka tana tatata a Kebbe. Baba da tsohuwar riga ya je bikin mulkin kai, don bakin sabuwar ya yage a hanyar bariki. Faransawa kuwa da sanyi ya shigo suka sake fasa wani, gwamnati ta kori jakadansu, da bazara ta zagayo suka ƙara fasawa.