Ɓeraye Masu Takardu

Duk zamana a unguwar Karantina, nan ƙasar Larabawa, ban taɓa haɗa ido da ɓera na bar shi da rai ba. Sai ga ɗiyar yayata, da ta yi karatu har jami'a, ta samu aikin reno. Renon ɓeraye, a ɗaki mai sanyi, abincinsu ma da awo.

Uwarta ciwon dajin ƙwan haihuwa ne ya ɗauke ta. Mun daɗe muna ce masa kumburin ciki, muna ɗura mata jiƙon kanwa. Kafin likita ya gani, halas, shi ke nan, ciwon ya gama ɓarna.

Yarinyar ta yi min bayani: "Khala, taɓa halittarsu aka yi don su kamu da irin ciwon Umma. So muke mu ga inda yake fara tsira, a ƙwan ne ko a bututun da ƙwan ke bi."

Ni da son taimako, na ɗana tarko bayan buhun shinkafa, na kama ƙatti biyu da ransu, na zuba a gwangwanin madara, na huda murfin. Da ta zo cin abinci ranar Juma'a na miƙa mata.

Ta yi dariya har da hawaye. "Namu daga waje ake kawo su, Khala. Kowanne da takardarsa, an san uwarsa da kakarsa."

Na ce, "Ma sha Allah! Ɓera da iƙama, takardar zaman ƙasa, ni tawa ta mutu tuni. Tambaya min ko kafilinsu, ubangidan da ya tsaya musu, na neman ƙari."

Ba ta yi dariyar wannan ba. Farantina take kallo, na ɗan tsakura na ture, ga zanina na sassauta ɗaurinsa.

"Tun yaushe kike ƙoshi da wuri haka?"

"Kumburi ne. Kuma wa zai kai kansa asibiti da matacciyar iƙama?"

"Haka Umma ta ce."



Da safe ta zo da tasi, ta kai ni wani asibitin kuɗi a unguwar Sharafiyya. Aka ga abu, aka ce bai yi nisa ba tukuna, aka yi aiki aka cire.

Ƙattina biyu kuwa tun daren Juma'ar suka ture murfin suka koma buhun. Da na dawo gida na bar musu shi. 'Yan uwansu masu takardu sun biya musu haya.