Haihuwa ta Biyun Akuyar Kaka

Babanmu fataucin albasa yake yi, kuma duk inda albasa ta yi daraja, can ne garinmu. A Gwandu aka haife ni, muka tsallaka iyaka na yi rarrafe a Gaya, haƙorana suka fito a Malanbil, suka zube a Paraku. Idan aka tambaye ni ɗan ina ne, nakan ce ɗan bayan mota. Ajin farko na sakandare na shige shi da Faransanci, na sake shigarsa da Turanci, har na fara zaton a cikinsa zan yi furfura. Inna kuwa ta daina kwance kayanta. Tukunya biyu take fitarwa, sauran su zauna a buhu suna jiran ranar da Baba zai shigo ya ce, "Ku shirya."

Shekarar da muka dawo ƙasarmu muka sauka a Kalgo, Baba ya kama gida mai fili, ya ce yawo ya ƙare. Da yamma na ga Inna ta fito da tukunya ta uku.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana Gwandu da awakinta, kuma takan ba jikokinta kiwo. Dokarta ɗaya ce: haihuwar farko tata ce, ta biyu ta mai kiwo. Duk jikokinta sun mallaki awaki ta haka, ban da ni, don ban taɓa zama wuri ɗaya har akuya ta haihu sau biyu ba.

Ranar da na roƙe ta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Maigidana, kai da ba ka kwana inda ka yini? Mi za ka ba ta, hayaƙin mota?"

"Baba ya ce mun zauna ke nan."

"Ubanka tun yana goye ƙafarsa ke rawa."

Amma ta ba ni. Wata ja ce mai farin goshi, mai baƙin hali. Ta ci littafina na lissafi, wanda ban yi kuka a kansa ba, ta ci gefen zanen Inna, wanda na sha duka a kansa. Kullum in na taso makaranta sai in nufi hanyar Wurogauri yankar ciyawa, in dawo jikina duk ƙaiƙayi. Yaran unguwa suka daina ce mini Bafaranshe, suka koma ce mini mai jar akuya. Ban taɓa samun suna mai daɗi kamarsa ba.

Ta haihu, namiji. Da aka yaye shi na kai wa Kaka da kaina, ina tafe ina buɗa kafaɗa. Taubashina, ɗan Goggo, wanda tun haihuwarsa bai taɓa wuce Kambaza ba, yana zaune a kan turmi.

"Ɗan yawo, saura ta biyu. In ka gani da idonka, in ɗauke ka a wuya har Dalijan."

Ta sake ɗaukar ciki. Cikin ya yi girma har nakan rantse uku ne a ciki, ko huɗu, ko ɗan maraƙi. A lokacin ne Baba ya shigo wata rana bayan la'asar yana waya yana dariya. Na san dariyar. Ya kashe wayar ya ce Kumasi, ta Gana, kuma motar kaya za ta tashi bayan Juma'a.

"Baba, akuyata ta kusa haihuwa."

"Kasuwa za ta jira akuya ne? Can ma akwai awaki."

"A bar ni wurin Kaka har ta haihu."

"Ni ba na raba iyalina."

Na dubi Inna. Ta riga ta jawo buhu.

Babu abin da ban yi wa akuyar nan ba don ta haihu kafin Juma'a. Na zaga da ita unguwa har muka gaji tare. Na saci kanwar Inna na jiƙa mata. Na roƙe ta da Hausa, na zage ta da Faransanci. Ta dube ni tana tuƙa, ko a jikinta.

Ranar Alhamis na mayar da ita Gwandu. Na ce wa Kaka ai ni na yi wahalar cikin, a ajiye mini abin da aka haifa.

"A ajiye maka har yaushe? Mai kiwo shi na wanda haihuwa ta iske igiya hannunai. In na karya maka, gobe kowa ya zo da nasa zance."

Ta karɓi igiyar daga hannuna, ta miƙa wa taubashina. Shi ma bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Ba mu gama sanin hanyar masallaci a Kumasi ba, saƙo ya shigo wayar Inna. Hoton tagwaye ne, mata, ɗaya da farin goshi. Taubashina ya haɗo da murya: "Ɗan Gana, suna gaishe ka." Baba ya leƙa ya ce, "Ma sha Allah, zan saya maka wadda ta fi ta," ya ci gaba da cin tuwonsa. Ɗaki biyu muke haya a saman bene. Ko kyankyaso sai ya nemi izini kafin ya juya.

Kwanan baya wani tsoho a zango, unguwar Hausawa, mutumin Sakkwato, ya ji Hausar bakina ya ji daɗi, ya ce zai ba ni tantabaru mace da namiji in kiwata, in sun ƙyanƙyashe mu raba. Na ce bari in dawo. Na hau sama na leƙa inda Inna ke girki. Tukunya biyu ce a waje.

Na sauko na ce masa ya bar abinsa.