Hasumiyar da kogi ya janye ya bari

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabi'u a Guangzhou ta ƙasar Sin, kuma shekara bakwai ke nan Hajiyarmu tana amsa gaisuwata a taƙaice. Laifina a wurinta ɗaya ne: ni na sa hannu aka binne shi a nan, ban kai mata gawarsa Kano ba.

Yaya yana da wata ɗabi'a mai ƙular da 'yan sari. Duk baƙon da ya sauka unguwar Sanyuanli, kafin ya taka kasuwar Baima sai ya ja shi tsohon masallacin garin ya nuna masa hasumiya. An ce a da fitila ake kunnawa a ƙolinta, jiragen ruwan fatake Musulmi su hango ta su san sun iso. Ranar da ya kai ni na waiga ko'ina, ba ruwa sai benaye. Na ce, "Yaya, ta kan kwalta jiragen suke zuwa?" Bai yi dariya ba. Ya ce kogin ne ya janye. Sannan ya ce, "Da yawa cikin waɗanda ta haska wa hanya a garin nan suke kwance. In tawa ta zo a nan, kada ka wahalar da ni cikin akwati."

Na cika masa, amma ban taɓa iya yi wa Hajiya bayani ba. Abin ya daɗe yana ci na.

Yanzu waya ke yi wa baƙi jagora, daga jirgi sai kanti. Da Yaya zai gani, na san tsaki zai yi, ya kamo hannun wani ya ja. Bai bar shago ba, bai bar gida ba. Abin da ya bari shi ne mutanen da suka san hanyar masallacin nan.

Juma'ar da ta wuce na yi ƙundunbala na kira Hajiya ta bidiyo daga gindin hasumiyar, ita can Kano ko lazimin safe ba ta gama ba. Na juya mata wayar ta ga sahun masallata.

"Duk waɗannan Musulmi ne?"

"E, Hajiya. Wasunsu da su aka sallace shi."

Ta matso da fuskarta kusa da wayar tana bin sahun da kallo. Can ta ce, "Ashe ba a daji ka yar mini da shi ba. Allah ya yi maka albarka, Nasiru."