Kwana ukun da Baffa ya hana ubana

Baffa Idirisa, wan ubana uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya tashi ubana daga kan gado yana fama da mura, ya ɗora shi bayan lori zuwa yankan riɗi a Fashaga, kuma ubana bai sake shigowa gidanmu da ƙafarsa ba. Maganar ke nan. Na fara da ita don ban iya kewaye-kewaye ba. A aji huɗu karatuna ya tsaya, kuma wannan ma aikin Baffa ne.

Ina shekara goma sha ɗaya, damina na ƙarewa. Gidanmu a bakin garin Gadarif yake, guttiya biyu, wato bukkokin ciyawa, da rumfa a tsakiya, da zana ta kewaye mu. Baƙar lakar nan tamu da ke cinye takalmi da damina ta fara bushewa tana tsagewa, har yaro ya zura hannu cikin tsagar bai taɓa ƙasa ba. Aikina kullum shi ne in kora jaki ɗebo ruwa kafin madarasa, in na dawo in kai awaki bakin kwari. A can muke ƙwaƙulo laka muna gina shanu masu tozo, muna haɗa lori da gwangwanin kifi da karan dawa, kowa yana kukan injin da bakinsa. Duk yaron unguwarmu direba yake so ya zama. Ni kaɗai nake cewa malamin madarasa, saboda ina son farar rigar malaminmu da yadda alli ke zuba a hannunsa. Yara suka laƙaba mini Ustaz, ina nuna fushi, a raina kuwa daɗi nake ji.

Murar nan ni na kawo ta gidan. Wannan ban taɓa ɓoye wa kaina ba. A madarasa na kwaso ta, inda muke zama mu huɗu a benci ɗaya muna share hanci da hannun riga. Inna ta ce ba inda za ni. Kwana uku ina kwance a kan angarib ɗin Baba, gadon igiyar nan da ba mai hawansa sai shi, ana dafa mini shayi da citta, ana ƙona bagaruwa ina shaƙar hayaƙin ƙarƙashin zane. Wallahi daɗin ciwon na ji. Ba jaki, ba awaki, ba bulalar makara. Baba in ya dawo daga 'yar gonarmu ta dawa sai ya zauna gefena, ya kurɓi shayin da na rage a kofina don kada a zubar, ya ce, “Ustaz, yau ma ɗalibanka sun huta?” Mutum ne marar yawan magana, wannan ɗin ma wasa ne babba a wurinsa. Ni na miƙe garau, shi ya kwanta.

Wanda bai san riɗi ba ba zai gane abin da ya faru ba. Dawa tana jira, ka bar ta a tsaye mako biyu ba abin da zai same ta sai tsuntsu. Riɗi ba ya jira. Da ganyensa ya yi rawaya, kwana kaɗan ne kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube cikin tsagar ƙasa, ba mai sake ganinta. Shi ya sa masu manyan gonaki, mashru'i muke ce musu, suke haukacewa a wannan lokaci, suna neman masu lauje ko ta halin ƙaƙa. Baffa Idirisa shi ne mai tara mutanen unguwarmu ya kai su. Kuma yana da abin alfahari guda ɗaya da yake maimaitawa a duk inda ya zauna: wai masu mashru'i sun ce a cikin duk masu yanka, Bahaushe ne kaɗai ba ya kwanciya. Da wannan suna yake samo mana aiki, mu ma mun ɗauke shi kamar wata sarauta. Namijin da ya ce ba shi da lafiya lokacin riɗi, sai an yi shekara ana yi masa dariya a bakin masallaci.

Ranar Talata da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, Baffa ya yi sallama ya shigo har ƙofar guttiya. Baba yana dunƙule cikin bargo, idanunsa ja, muryarsa ta dushe. Ina tsugune ina ɗaura wa jaki igiya, duk abin da aka ce a kunnena aka ce shi.

“Haruna, tashi. Lori na jira.”

“Yaya, jikin nan ba daɗi. Ka ba ni kwana uku. Juma'a in biyo motar ruwa in same ku.”

“Riɗin zai jira Juma'arka? Mura ce fa, ya zol, bawan Allah. Mata ma suna daka da ita.”

Inna ta yi magana daga bayan zana, murya ƙasa-ƙasa, don ba ta taɓa tsayawa gaban Baffa ba. “Yaya, ku dai taɓa jikinsa ku ji.”

Bai ko juya ba. Ya ce wa Baba, “In ƙanena ya kwanta, wa zan iya tayarwa? Gobe kowa ya yi atishawa sai ya ce ai Haruna ma yana gida. So kake a ce mutanen Idirisa sun fara kwanciya?”

Baba bai taɓa musa wa wansa ba tun suna yara. Ya zauna bakin gado ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, sannan ya ce wa Inna ta ɗauko laujensa. Ta ƙulla masa bagaruwa da citta a tsumma, ta cusa cikin ƙunshin kayansa. Ni na ɗauki ƙunshin a ka har inda lori yake tsaye, kuma abin da ke ci na har yau shi ne ina tafiya ina taƙama, ina so yara su ga ubana yana cikin masu tafiya. Da zai hau ya yi atishawa mai ƙarfi, maza suka bushe da dariya, wani ya ce, “Haruna, riƙe ta! In ka yi wannan a gona sai riɗin mutane ya zube.” Shi ma ya yi murmushi. Ya ɗora hannu a kaina, na ji tafin kamar an ɗauko shi daga murhu. Ya ce, “Kada ka bar jakin nan da ƙishi. Kuma ka koma madarasa yau.” Baffa ya shiga gaba kusa da direba. Baba ya hau baya, inda iska take.

Abin da ya faru a can daga bakin Isa na ji shi, maƙwabcinmu da suka tafi tare, bayan na girma na matsa masa. A kambo, wato sansanin masu aiki, rumfa ɗaya suke kwana a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa. Kofi ɗaya ne rataye a jikin ganga, kowa da shi yake sha. Yankan riɗi kuwa da asuba ake fara shi, raɓa na jikinsa, don kada ya zube a hannu, saboda haka kafin rana ta ɗago riga ta jiƙe har ƙirji. Baba ya yi ta yanka yana ɗaurewa yana tari. Kwana uku ba a yi ba rabin rumfar suna tari tare da shi. Waɗanda ke yanke layi kafin hantsi suka koma sai azahar. Isa ya ce da an bar mutum ɗaya a gida, da an rasa lauje ɗaya. Da aka tilasta shi, aka rasa goma, riɗin da ake gudun zubewarsa kuma ya zube a gabansu suna kallo.

Cikin waɗanda ta kama har da Baffa. Rana ta biyar sai ga shi ya dawo gari a motar ruwa, ya naɗe wuya da rawani. Inna ta aike ni in gaishe shi in tambayo labari. Na same shi kwance a rumfarsa, an tokare shi da matashi biyu, matarsa tana juye masa romon tattabara a kwano. Ƙamshin barkonon yana hancina har yanzu. Na durƙusa na ce, “Baffa, sannu da jiki. Inna ta ce yaya Baba?” Ya hura romon ya kurɓa. Ya ce, “Kwayis yake, lafiyarsa ƙalau. Na bar shi ya riƙe mini mutane. Ai dole a bar na gida a kai.” Na dawo da gudu na faɗa wa Inna cewa an ba Baba shugabanci. Ta dube ni, ta ajiye muciya, ta shiga ɗaki.

Rana ta tara aka kawo shi a bayan tarakta, kwance kan buhunan da ba komai cikinsu, Isa yana riƙe da kansa. Numfashinsa yana ƙara kamar ana jan zarto. A asibiti suka ce ciwon ya sauka ƙirji, da an kawo shi da wuri da wata magana ce. Kwana biyu ya yi. Ni ba a bar ni na shiga ba, ta taga na hango ƙafafunsa, tsagar dugadugansa cike da baƙar laka. Ranar zaman makoki Baffa ne a gaba, ya warke sumul, yana amsa gaisuwa yana cewa kwana ne ya ƙare. Na san kwana na hannun Allah, ba sai an koya mini ba. Amma shi ma da murar ta kama shi ai bai zauna a kambo yana jiran kwanansa ba.

Da kaka ta zagayo ya zo ya ce gidan Haruna ba zai zauna ba lauje ba. Malaminmu ya tako har gida ya roƙe shi a bar ni in gama, ya ce yaron yana da kai. Baffa ya ce kan yana da amfani a ƙarƙashin buhu ma. Laujen Baba aka ba ni, ƙotarsa ta yi wa hannuna girma. Daga Fashaga zuwa Mafaza zuwa Gallabat ba gonar da ban zubar da gumi ba. Sunan Ustaz ya bi ni can, sai dai ya koma abin tsokana.

Yanzu na haura hamsin, ina gyaran tayoyi a bakin kasuwa. Ɗana babba yana koyarwa a madarasa. Kwanakin baya mura ta kama shi, ya ɗauki waya ya gaya wa shugabansu ba zai zo ba don kada ya shafa wa yara, aka ce masa Allah ya sawwaƙe, shi ke nan, ya ja bargo. Na tsaya bakin ƙofa ina kallonsa kamar ban taɓa ganin mutum kwance ba. Uwarsa ta ce mene ne. Na ce ba komai. Duk wanda ya zo wurina yana jan hanci, ina ce masa ya je gida ya kwanta, aikin ba zai mutu ba. Amma ni kaina har yau ban iya ba. In mura ta kama ni, ina kwanciya sai in ji kamar wani yana tsaye bakin ƙofa, sai in tashi in saka takalmi. An lalata ni tun ina yaro, kuma na sani.

Bara Baffa ya samu kujerar Makka. Ya tsufa, ido ɗaya ya tafi, sai an riƙe shi. Kamar yadda muke yi, ya tara dangi bayan la'asar don neman gafara kafin tafiya. Ya ce duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa. Tsakar gida ta amsa baki ɗaya, “Mun yafe, Allah ya kai ka lafiya.” Ni ban ce komai ba. Kunnensa bai tsufa ba.

“Sale, ban ji muryarka ba.”

Na matso na durƙusa gabansa yadda na saba. Na ce, “Baffa, tambaya ɗaya gare ni. Ranar da ka dawo a motar ruwa, akwai wurin mutum biyu ko babu?”

'Ya'yansa suka fara cewa haba Sale, yau ranar wannan ce? Ya ɗaga musu hannu. Ya ce, “Shekara nawa yanzu, wa zai tuna?”

“Ka tuna, Baffa.”

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Akwai.”

Na ɗauka ranar da na ji wannan kalma zan ji sanyi. Ban ji komai ba sai gajiya. Na ce, “To. Karatuna da ka yanke, da shekarun da na yi ƙarƙashin buhu, nawa ne, na yafe maka su duniya da lahira, kowa ya shaida. Na ƙanenka kuwa ba a hannuna yake ba, ba zan yi maka ƙarya in ce na yafe abin da ba nawa ba. Je ka Makka lafiya, Baffa. Shi yana can lahira yana jiranka, sai ka roƙe shi da bakinka.”