Likkafani a Cikin Akumari

Ku da kuka san yayana Arzika, kun san ba a taɓa ganinsa da hula ba. Ƙwarya yake kifawa a ka. Ta tare masa rana, ta tare masa ruwa, in ya isa inda zai yi magana ya cire ta ya miƙa wa mutane. Kuma kun tuna yadda ake faɗi a Filinge lokacin: in Arzika ya dubi abinka sau ɗaya, gaisuwa ce, in ya dube shi sau biyu, ka yi ban kwana da shi. Wallahi da idona na ga dattijo mai furfura ya zauna a kan takalmansa don Arzika zai wuce.

Yaran da ba su riske shi ba, kada ku ɗauka ɓarawo ne. Ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Tun yana saurayi ya guje wa aikin dole na Nasara, ya faɗa ƙasar Ingilishi, ya yi shekaru yana haƙar kuza a Jos. Muka yi kukansa har muka gaji. Ran nan sai ga shi da littafi a rataye, wai shi yanzu Kirista ne. A Kurfai, ƙasarmu! Mun san masu salla, mun san 'yan bori, amma wannan ba mu san inda za mu ajiye shi ba.

Majami'unsu a lokacin ba su taka kara sun karya ba: rumfa a Yamai, ɗaki a Doso, wani a Dogondutsi, yawanci baƙi ne, kafintoci da akawunan Dahome da Yarbawa 'yan kasuwa da tsofaffin sojoji. Aikin da Arzika ya ɗora wa kansa shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙasa, ranar Lahadi ya tsaya ya ce musu akwai garuruwan da ba su ji bishara ba, kowa ya kawo abin da yake da shi a aiki mutum can. Yana da doka guda: "Mai roƙo shi ka hwara sawa. Ƙwarya ba ta zagayawa wohi. Abin hwarko daga gidan mai roƙo shika hitowa." Magana mai daɗin ji, ko ba haka ba? Sai dai shi ba shi da komai, kuma gida ɗaya muke.

Za ku ce me ya kai ni, ni Namata mai salla biyar, bin sa gari gari? Inna ce ta ɗaure ni. Kafin ta rasu ta kaɗa zare da hannunta, ta kai wa masaƙi, aka yi mata fari guda biyu, likkafanin 'ya'yanta. Na Arzika ta sa an ja baƙin zare a bakinsa don a bambance. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, sai ta ce mini:

"Ga naka, ga na wancan. Kai za ka aje duka, in ka ba shi gobe shina wuyan wani. Hanya za ta kashe shi. Ka rantse mani ba za a binne shi ba sutura ba."

Na rantse. Nawa na sa a tukunya a ɗakin matata. Nasa kuwa na farke akumarin jakina, wato shimfiɗar da ake sa wa jaki kafin a aza kaya, na cusa shi ciki na ɗinke, don in hanya ta kashe shi ko'ina ne ya zama ina da shi a kusa. Ni ba na shiga ibadarsu. Bakin ƙofa nake zama ina gadin jaki, ina gadin akumari.

Tafiyarmu ta farko, ranar kasuwa muka sauka Baleyara. Wani mai gishiri ya tambaye shi ina za shi. Arzika, da muryar nan tasa da ake ji daga bakin rijiya, ya ce:

"Yamai za ni, neman baiko. Daga nan Doso, baiko. Dogondutsi ma baiko."

To su a can Jos, abin da ake sawa a ƙwaryar majami'a shi suke kira baiko. Mu nan kuwa baiko ɗaya muka sani, na aure. Mai gishiri ya saki baki.

"Baiko ukku cikin tahiya guda?"

"Ko goma in na samu! Maza da mata, tsohi da yara, ba ni barin na kowa."

Kasuwa ta ɗauki salati. Ni na ja rawanina na rufe fuska, na ce yau sai an jefe mu. Muna hutawa gindin gawo sai ga wata bazawara mai toya ƙosai, Dommo, ta sha kwalli, ta taho da ƙanenta da ƙunshin kayanta a ka. Ta durƙusa ta ce:

"Malam, ba sai ka wahala har Yamai ba. Ni na amsa."

Da aka warware mata zancen, ta miƙe tana huci. "To ka ce sadaka mana! Wace irin Hausa ta wagga?"

"Hausar Jos ta."

"Allah shi raba mu da Hausar Jos!"

Kuna tsammani ya ji kunya? Hannu kawai ya miƙo ya zare hular da ke cikin rawanina, ya jefa a ƙwarya, ya tara wa matar. Ta dube shi, ta dubi ƙwaryar, ta juye masa ragowar ƙosanta tana zagi. Ya waiwayo ya ce, "Ka gani, Namata? An hwara." Hulata kuwa a Yamai na ga ƙarshenta, a kan wani Bayarabe.

Labari ya kai ga kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, cewa akwai mai karɓar abin mutane a ƙasa, alhali karɓa ta Nasara ce su kaɗai. Gardi, wato ɗan sandansa, ya zo ya kora mu har ofis. Na ce tamu ta ƙare, don a zamanin wanda ya shiga wurin nan ba kullum yake kwana gida ba. Kumandan ya yi ta faɗa, tafinta yana juyawa. Da ya gama, Arzika ya ce wa tafinta:

"Hwaɗa mashi na ji. To shi mi zai sa?"

Tafinta ya ce, "Ni ba ni hwaɗin wanga, ina da ɗiya ƙanana."

Sai Arzika ya ciro battar tabata daga aljihuna, tawa, ya sa a ƙwarya, ya ɗora a kan teburin kumandan. Na rufe ido ina kalmar shahada. Da na buɗe, Nasara ya yi jajir, ban sani ba ko fushi ne ko dariya. Ya jawo gwangwanin kifi ya jefa ciki, ya nuna mana ƙofa. Muna fita Arzika ya girgiza gwangwanin a kunne ya ce, "Marowaci na, amma ya hwara."

Doso ce ta kashe ni. Ranar ina bakin ƙofa na leƙa, na ga ya sa wata guntuwar igiya a ƙwarya. Na ce alhamdu lillahi, yau na tsira, igiya ce kawai. Ƙwarya ta zagaya ta dawo da ƙwai ɗaya da goro biyu, alhali har da wani Mushe akawu mai takalmi sau-ciki a zaune. Arzika ya ɗaga igiyar sama ya ce:

"Ku kun sa ƙwai. Mu gidanmu igiya munka sa. Amma igiyag ga, akwai jaki ƙarshenta."

Na waiwaya, na ga jakina a tsaye ba dabaibayi. La'ilaha illallahu! Kunya ta kama mutanen, aka shiga zuba kaya, har Mushe ya tuɓe takalmansa. Ni kuwa na ruga na rungume akumari.

"Jaki kab bayas, Yaya, akumari nawa na! Wanda yat taɓa shi sai dai a kai mu gaban alƙali!"

Haka na ɗauko akumari a ka tun daga Doso har Filinge, mutane suna tambaya ko ni ne jakin. Ni da Arzika muka yi ta tafiya har muka wuce Damana. Nan ya ce, "Namata, mutum ya rasa jaki bai yi kuka ba, shina kukan akumari?" Ya dubi akumarin. Ya sake dubansa. Na ga duban na biyu sarai, amma na ce ai ɗinkina mai ƙarfi ne.

Bayan kaka muka koma Yamai da aron jaki. Ranar za su sallami wani tsohon soja, Yakuba, zuwa ƙasar Gurma. Jakina, da aka kawo daga Doso, na nan a ɗaure yana jiransa, ya yi ƙiba ma, maras kunya. An haɗa masa gero da gishiri, sai dai rigar jikinsa ta soja ce, duk ta mutu, kafaɗa a waje. Ina zaune a kan akumarina hankali kwance, sai na ga Arzika ya cire ƙwarya daga ka, ya zaro wani farin ƙyalle daga hammata ya ninke a ciki. Na ga baƙin zare a bakinsa.

Ban san lokacin da na faɗa cikin rumfar ba, ni da ban taɓa taka ta ba.

"Yaya! Likkahwaninka na! Na Inna na!"

"Na mutu?"

"Ba ka mutu ba, amma..."

"To mi shika yi shekara da shekaru bisa bayan jaki? Inna ta kaɗa shi don a ruhe jikin ɗan mutane. Ga ɗan mutane nan, jiki waje."

"Na rantse mata!"

"Kai kar rantse, ba ni ba."

Na koma na farke akumarin, na tarar da ƙaiƙayi da tsohon wandonsa. Har ɗinkin ya mayar, ya fi nawa kyau. Aka ɗinka wa Yakuba riga, ya hau jakina ya tafi. Ku ji fa: wani yana yawo ƙasar Gurma yana wa'azi sanye da likkafanin yayana, a kan jakina! Ranar na yi kuka na gaske, ba don ƙyalle ba. Zaren hannun Inna ne, kuma ba za ta sake kaɗa wani ba. Wata biyu ban yi masa magana ba. Amma da ya kifa ƙwarya zai fita, na bi shi, don rantsuwar tana nan a wuyana.

Ashe hanya ba ita za ta kashe shi ba. A gida ya kwanta, tsakiyar damina, zazzaɓi ya kama shi kwana shida. Mutanensa na majami'a suna nesa, hanya duk ruwa, ba mai zuwa a kan lokaci. Na je wurin liman, ya ce, "Salla ba tamu ta ba bisa gare shi, amma rami da sutura haƙƙin maƙwabci na." Rami akwai masu haƙa. Sutura ce babu, don shekarar da fara ta cinye gonaki ce, ko zane mutane sun sayar sun ci.

Da hantsi na shiga wurinsa. Ya rame ƙwarai, ƙwaryar tana gefensa a buɗe. Ya dube ta ya ce, "Yau kam ta tahi wohi, Namata. Tabarma ta isa, kak ka wahal da kanka." Tunda nake da shi ban taɓa jin ya ce wani abu ya isa ba. Na fita na shiga ɗakin matata, na buɗe tukunya, na ɗauko nawa. Na dawo na ninke shi na sa a ƙwaryar da hannuna.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wanga shi na baikonka na hwarko da ba ka yi kuwwa ba."

Na sa hannu ina share hawaye. Sai na ga ya dubi ƙyallen, ya sake dubansa.

"Akwai wani bawan Allah Dogondutsi, ba shi da riga..."

"Yaya, wallahi in kat taɓa shi ni za ni ƙarasa ka da hannuna!"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa na ɗauke ƙyallen na zauna a kansa, ban tashi ba sai bayan azahar, lokacin da rai ya yi halinsa. A cikinsa muka rufe shi, can bayan gonarmu, maƙwabta duk sun fito, har dattijon nan mai zama a kan takalmi. Inna, rantsuwa ta cika, ko da yake ba mai baƙin zaren ba ne.

Saboda haka ku 'ya'yana, ranar da tawa ta zo kada ku ɓata lokaci kuna buɗe tukwane. Babu. Ku je kasuwa ku sayo mini, kuma ku zauna a kansa har a gama, don ban yarda mutumin nan ba zai aiko daga can ba.

Ya Allah, ni ban san hukuncinka ba, ƙanensa ne kawai ni. Kai ka halicce shi, Kai ka san abin da ka zuba a zuciyarsa. Duk tsawon ransa bai bar ƙwarya ta zagaya wofi ba. Ga shi ya zo gabanka da ita, ya Ubangiji, kada ka mayar masa da ita wofi. Amin.